Ƙwayoyin Jakar Sista

Shafi na 17

Masu turo min saƙon zagi wai na ɓace kwana uku, na ji, na kuma yafe. Ba yanga nake muku ba. Sau biyu ina fara shafin nan ina gogewa, don duk na zo rubuta shi sai raina ya sake ɓaci kamar yau abin ya faru. Wanda ya shigo yau kuma, ga inda muke: Auta, 'yar yayata mai shekara goma sha takwas, ta zube a banɗaki da hantsin Asabar, ni na ɗauko ta. Uwarta ita ce wadda kowa ke kira Sista, shugabar sashen tazarar haihuwa a babban asibitin unguwarmu. Ni kuma Tela, ƙanwarta, bazawarar da ke zaune a ɗakin baya da keken ɗinkinta. To mu je.

*

Kan gadon uwarta na kwantar da ita don shi ne kusa. Jikinta sanyi ƙalau, ga gumi yana tsattsafo mata a goshi. Hannuna na hagu a dunƙule yake, don a ƙasan banɗakin kusa da buta na tsinci ɗan tsinken gwaji mai jan layi biyu. Ban yi karatun asibiti ba, amma shekara shida ina zaune a gidan ma'aikaciyar jinya, na san abin da layi biyu ke nufi.

Yaya ta shigo daga kicin tana goge hannu da gefen zani, warin albasa na bin ta.

"Me ya same ta? Ba ta karya ba ko? Na gaya mata karatun jarrabawa ba da yunwa ake yin sa ba."

Na mai da hannuna baya.

"Ke Tela, da ke nake. Mene ne a hannunki?"

"Babu komai."

"Buɗe."

"Yaya, ki fara duba yarinyar nan tukuna."

"Na ce buɗe hannunki!"

Na buɗe.

Ku ji abin da yayata ta fara yi, don har gobe ban yafe mata shi ba. Ba goshin 'yarta ta taɓa ba, ba bugun jininta ta duba ba. Taga ta nufa ta ja ta rufe, ta saki labule, ta murza wa ƙofa mukulli, ta ƙure fanka don kar maƙwabta su ji. Sai da ta gama tsare mutuncinta sannan ta juyo kan gadon.

"Tashi zaune."

Auta ta yunƙura, ta dafe mararta ta gefen hagu, ta koma.

"Tashi na ce, munafuka! Na waye?"

Auta ta runtse ido.

"Ba da ke nake ba? Wane ɗan iska ne?"

Auta ta juya fuskarta ga bango. Yaya ta ɗaga hannu, na riƙe shi a sama.

Ta ce, "Sake ni."

Na ce, "Wallahi ba za ki dake ta a haka ba. Dubi leɓenta, fari fat."

"Ni za ta tozarta? Ni? Shekara ashirin da biyu ina aikin nan. Mata ɗari suke zama a gabana ranar awo, in tsaya in koya musu yadda za su tsare kansu. Yau a ce a gidana, a cikin ɗakina, 'yar da na haifa..." Ta buga cinya. "Ke ko jakar ƙauye ce aka yi wa haka ai an ce rashin sani ne. Ke fa? Da kika ga shaiɗan ya ci ƙarfinki, bakinki ciwo yake? Da ba sai ki zo ki same ni ba?"

Can ƙasa-ƙasa, fuskarta na bango, Auta ta ce, "Na zo, Mama."

"Me kika ce?"

"Na zo."

"Kika zo ina?"

"Asibitinku. Sashenku. Wata shida da suka wuce."

Yaya ta yi wata dariya marar daɗi. "Ji ƙarya. Ƙuda ba ya shiga sashen nan ban sani ba."

Auta ta juyo. Ban taɓa ganin yarinyar nan ta kalli uwarta cikin ido ba sai ranar.

"Ranar Laraba ce. Na duba takardar aikinki da ke manne a jikin firij, an rubuta kina hutu. Ashe kun yi musaya da wata. Ni da Mai Gilashi muka je. Na ari hijabin yayarta, na sa takunkumi, na zauna a bencin waje, na uku daga ƙofa. Ita ta fara shiga."

Na ga Yaya ta ɗan ja baya. Mai Gilashi ƙawar Auta ce tun firamare, wadda Yaya ta hana shigowa gidanmu rana tsaka ba tare da ta gaya wa kowa dalili ba.

Auta ta ci gaba, tana magana tana cije leɓe.

"Ko ƙofar ba ki rufe ba, Mama. Kika ce mata ina mijinki. Ta ce ba ta da shi. Kika ce to me ya kawo karuwa layin matan aure. Kika fito da ita bakin ƙofa kina nuna wa mutane, kina cewa ku ga 'yan zamani, ko nono bai gama tsayawa ba an san hanyar ɗakin allura. Matan benci suna dariya. Wata ta tofar da yawu. Kika ɗauki waya a gabansu kika kira babanta."

"Gyara na yi! Da na ba ta, ai na ba ta lasisin iskanci ke nan!"

"Da bel ya dake ta har sai da hannunta ya goce. Ya cire ta daga makaranta. Ni kuwa ina zaune ina kallon takalminki, taku uku tsakanina da ke. Da kika ce mai bi mata ta shigo, sai na tashi na gudu."



Jama'a, kar wani ya zo min da wa'azi a ƙasan shafin nan. Ban ce Auta ta yi daidai ba. Ta yi laifi, laifi babba, tsakaninta da Ubangijinta, ni ma da lafiyarta ƙalau da na ci mata mutunci son raina. Amma yarinya ta riga ta faɗa rijiya, ta miƙo hannu, sai a tsaya a bakin rijiyar ana yi mata karatun yadda ake tafiya a hanya? Kuma tambayar nan ta ina mijinki, ba wanda ya ɗora wa Yaya ita. Ita ta ƙirƙiro abarta, ta koya wa ƙananan ma'aikatan da ke ƙarƙashinta, har tana dawowa gida tana ba mu labari da alfahari wai yau ta kori guda uku.

Yaya ta ce, "To da kika gudu, sai kika ce bari ki ci gaba a haka? Tsoron Allah bai kama ki ba?"

"Na daina, Mama. Wata guda na daina. Sai na koma."

"Haka kawai? Ba komai? Ke da kika tashi a gidan nan kina jin..."

"Ina jin me? Duk matar da ta zo karɓar ƙwaya a falo sai ki ce Auta fita, maganar manya ce."

Gaskiya ta faɗa. Matan unguwa masu kunyar layin asibiti gida suke biyo Yaya, shi ya sa kullum akwai ƙwayoyin tazara a aljihun baƙar jakarta. Ta zaunar da su, ta yi musu bayani dalla-dalla har da zane a takarda. Auta kuwa ko kofin ruwa ta kawo sai an jira ta fita kafin a ci gaba.

Auta ta ce, "Sai na ɗauki kati ɗaya na ƙwayar a jakarki."



Na ce, "Kati ɗaya? Yaushe?"

"Wata biyar ke nan, Anti. Ki yafe min."

Na juya na kalli Yaya. Ta kau da kai.

Na ce, "Kalle ni."

"Tela, ba lokacin wannan ba ne."

"Lokacinsa ne! Wata biyar da suka wuce wa kika tare a bakin keken ɗinki kika ce kati ɗaya ya ɓata a jakarki? Wa kika ce wa bazawara ba ta rasa abin ɓoyewa? Wa kika zazzage wa akwati, har da ɗaga katifa? Kika ce in ina da mai zuwa wajena in gaya masa ya fito ya biya sadaki, gidanki ba masauki ba ne. Sati biyu ina cin abinci a ɗaki ni da hawaye. Na rantse miki da Alƙur'ani kika ce rantsuwa ba wuya!"

"To na yi kuskure! Shi ke nan?"

"Ba shi ke nan ba! Duk gidan nan kin zargi kowa, har mai wanki kin sallama, amma ko sau ɗaya ba ki kalli ɗakin 'yarki ba. Don me? Don 'yar Sista ce, ita ba mutum ba ce, ba ta da jini a jika!"

 Ta juya kan Auta, kamar wadda ta tuna wani abu.

"Tsaya. Kati ɗaya kika ce?"

"E."

"Kati ɗaya na wata ɗaya ne. Sauran watannin fa? A ina kike samu?"

"Shi ne dai. Har yanzu da saura guda tara."

Yaya ta dafe kai da hannu biyu.

"Kati ɗaya... wata biyar? Yaya kike sha?"

"Ranar da... ranar da zan fita kawai. In na ji tsoro in sha biyu."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kullum ake sha! Kullum, ke dabba! Ko da fita ko babu fita, lokaci ɗaya, ba fashi! Wanda ya tsallake kwana biyu ma sai mun ce ya ƙara da wata kariyar. Wane jahili ne ya gaya miki haka?"

"'Yan ajinmu. Haka suka ce ana yi. Kuma da na ga abin da kika yi wa Anti, na san ba zan iya sake ɗauka ba, sai nake tattalinsa kar ya ƙare."

"Ba ki karanta takardar ba?"

"Babu takarda. Katin ne kawai."

Babu kuwa. Kwalin da takardar bayanin suna can ofis, katin tsirara Yaya ke zubowa a jaka, don a ganinta bayanin yana bakinta, duk mai so ta zo ta zauna a gabanta. Yarinya ta kwana gida ɗaya da amsar tambayarta shekara da shekaru, ta ƙare a hannun 'yan aji. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Auta ta saki wata ƙara ta dunƙule.

"Anti, kafaɗata... kafaɗata kamar ana soka min wuƙa."

Na ce, "Faɗuwar da kika yi ce, sannu."

Amma Yaya ta tsaya cak. Fuskarta ta sauya. Uwar nan mai zagi ta ɓace, Sista ta fito.

"Wace kafaɗa? Nan sama? In kin ja numfashi tana ƙaruwa?"

"E."

Ta ja fatar idonta ƙasa ta duba. Ta juya tafin hannunta. Ta danna mararta a hankali ta saki, Auta ta ƙwalla ihu har sai da na toshe kunne.

"Yaushe rabonki da al'ada?"

"Sati bakwai. Amma tun shekaranjiya ina ganin ɗigo-ɗigo, baƙi-baƙi."

"Kin sha wani abu don ya zube? Ki gaya min gaskiya, ba dukan ki zan yi ba."

"Wallahi ban sha komai ba. Sai yau ma na yi gwajin."

"Tela, miƙo min abin awon jini a jaka."

Na miƙa mata. Ta ɗaura, ta matsa, ta kalli allurar. Ta sake ɗaurawa, ta sake matsawa. 

Na ce, "Yaya, mene ne?"

"Cikin ba a mahaifa ya zauna ba. A bututun da ke kai wa mahaifa ya tsaya. Ina jin ya fashe."

"Ban gane ba."

"Jini take zubarwa, amma a ciki, inda ba ma gani. Shi ne ciwon kafaɗar. Ba maganin da zan ba ta a gida. Sai tiyata, kuma yanzu."

Na zabura na jawo mayafina. "To tashi mana! Asibitinku minti biyar ne. In tare mai adaidaita?"

Ba ta motsa ba.

"Yaya!"

"Ba asibitinmu ba."

Na ɗauka kunnena ne. "Me?"

"Akwai wani asibitin kuɗi can bayan gada, ƙarshen gari. Ba wanda ya san ni a can."

"Bayan gada? Yau Asabar? Ko hanya a buɗe take tafiyar minti arba'in ce, bare yanzu da motocin kasuwa suka cushe gadar. Ke da bakinki kika ce yanzu!"

"Zan sa mata ruwa a hanya. Ina da leda ɗaya."

"Ruwa ne jini?"

"Tela, ba ki gane ba." Ta rage murya kamar bangon zai kai rahoto. "Daga mai gadi har mai shara sun san Auta. A ɗakin tiyata yaran da na koya wa aiki ne za su tsaya a kanta. Kafin la'asar labari ya gama gari. Da wane ido zan shiga sashena ranar Litinin? Matan da na kora, iyayen da na kira a waya, duk su zo su yi min dariya?"

Wallahi da ba yayata ba ce da na kwaɗa mata mari.

"Su yi miki dariya! Su yi har haƙoransu su zube! Dariya ta taɓa kashe wani? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Yaya. Kin fi son a zo miki gaisuwar mutuwa ana cewa Allah sarki 'yar Sista mai tarbiyya, da a yi miki dariya tana raye?"

"Rufe min baki!"

"Ba zan rufe ba! Sau ɗaya kin kore ta ba ki sani ba. Wannan karon da idonki buɗe za ki kore ta!"

Auta ta kamo gefen zanina. Muryarta ta yi siriri.

"Anti, ki bar ta. Mu je bayan gadar. Kar Baba ya ji."

Kamar ta kira shi. Sai ga ƙarar tsohuwar motarsa a ƙofar gida, da hon ɗin nan guda biyu da yake yi kullum.

Baban Auta shi ne Hedimasta, na makarantar 'yan mata da ke bayan gidan ruwa. Ranar Asabar yakan je duba darasin 'yan ajin ƙarshe ya dawo kafin azahar. Mutum ne mai kirki a gida, ban taɓa jin ya ɗaga wa yayata murya ba. Amma a makaranta, duk yarinyar da aka samu da ciki, a gaban taron safe yake kiran sunanta ya miƙa mata takardar kora. Auta kuwa ita ce ransa. Tun tana aji uku ba ya kiran ta da komai sai Likitata.

Yaya ta fizge tsinken gwajin daga kan gado ta cusa a rigar mama. Ta nuna ni da yatsa.

"Kika buɗe baki, ba ni ba ke har abada."

Ta murza mukulli ta fita da gudu.

"Malam, kar ka kashe motar! Auta ce, afendis ne, ina jin ya kusa fashewa!"

Bawan Allah ya shigo ko takalmi bai cire ba. Ya sunkuce ta kamar jaririya, hularsa ta faɗi bai waiwaya ba.

"Likitata, sannu. Sannu, uwata. Ba komai, yanzu za a cire. Ni ma an cire min, ga ni nan garau."

Auta ta rufe ido, hawaye na bin gefen kunnenta.

Ni na zauna a baya, kanta a cinyata. Yaya ta maƙala ledar ruwan a ƙugiyar rataye riga, ta nemi jijiya sau uku kafin ta samu, sannan ta koma gaba. Hedimasta yana tuƙi yana salati, yana leƙen madubi.

Muka iso shataletale. Hagu asibitin su Yaya, dama hanyar gada. Ya kunna sigina ta hagu.

Yaya ta ce, "Dama za ka bi."

"Dama kuma? Ga asibitinku nan?"

"Likitan tiyatarmu ya yi tafiya. Bayan gada za mu."

"Duk girman asibitin nan likita ɗaya ne?"

"Malam, aikina ne ko naka? Bi dama!"

Ya bi dama. Mutumin da ya yarda da matarsa ke nan.

Ko minti uku ba mu yi ba muka tarar da abin da na faɗa. Motoci jere har iya ganinka, manyan motocin kaya sun toshe bakin gada, masu tallan ruwa suna yawo a tsakani hankali kwance. Hedimasta ya danna hon, wanda ke gabanmu ya fito da hannu ya yi masa daƙuwa.

Na sunkuya. "Auta, kina ji na?"

"Anti... sanyi... ƙishirwa..."

"Yaya, ta ce ƙishirwa."

"Kar ki ba ta komai."

Motar ta matsa taku biyar ta tsaya. Na ci gaba da shafa kanta ina kiran ta. Tana amsawa da "um", tana amsawa da "um", sai na kira na ji shiru. Hannunta da ke riƙe da yatsana ya saki.

"Auta! Auta! Yaya, ba ta amsawa!"

Hedimasta ya juyo gaba ɗaya. "Me ya faru? Suma ta yi? Afendis yana sa suma haka?"

Na kalli ƙeyar yayata. Na ce, "Yaya, na rantse da wanda raina ke hannunsa, ko ki faɗa ko in faɗa. Ki kore ni daga gidanki yau, in kwana a shago, ban damu ba."

"Ta faɗi me?" in ji Hedimasta.

Yaya ta miƙo hannu ta baya ta kama wuyan hannun Auta. Ta lalubo, ta sake lalubowa, ta koma wuyanta. Na ga leɓenta yana motsi tana ƙirgawa. Sai ta saki wani sauti da ban taɓa ji daga bakinta ba, kamar an taka ta.

"Juya! Malam, juya! Asibitinmu!"

"Ba kin ce likitan..."

"Yana nan! Ƙarya na yi! Juya!"

Bai tsaya tambaya ba. Ya hau kan dakalin tsakiyar titi, ƙasan motar ya ƙarta da ƙara, ya faɗa ɗaya hannun. Hanyar komawa fayau take. Yaya ta zaro waya ta kira likitan da ke aiki ranar. Wayarta ta daɗe da lalacewa, ba a ji sai ta buɗe lasifika, don haka duk motar muna jin sa.

"Sista, ina wuni? Yau ba hutu kike ba?"

"Likita, ina kawo maras lafiya, minti huɗu. A shirya ɗakin tiyata."

"Me ke damun ta?"

Ta saci kallon mijinta. "Ciwon ciki ne mai tsanani. Kamar... kamar afendis."

"To ku kawo ta sashen gaggawa a duba ta, a yi hoto. Akwai mutum biyu a gabanta, in ya so zuwa yamma..."

"Ba za ta kai yamma ba!"

"Haba Sista, kin fi ni sanin tsarin. Ba zan tsallake mutane in buɗe tiyata a kan kamar ba. Gaya min abin da kika gani."

Yaya ta rufe ido.   Ni kuwa na danna yatsana a wuyan Auta ina neman abin da ban ma san yadda ake nemansa ba.

Sai ta faɗa, da muryar nan tata ta aiki, tar-tar, kalma bayan kalma.

"Ciki ne a wajen mahaifa, sati bakwai, gefen hagu. Ya fashe. Jininta ya sauka ƙasa sosai, ta fita hayyacinta. Shekararta goma sha takwas. A nemo jini leda uku, irin nawa ne, in babu a ɗiba a jikina."

"Subhanallah. Yanzu zan tara su. Wace ce, in sa a buɗe mata kati?"

"Auta ce, Likita. 'Yata."

Ta kashe wayar.

 Na ji motar tana rage gudu. Na ɗauka rami ya gani. Ta ƙara ragewa, ta gangara gefen titi, ta tsaya daidai gaban wani shagon faci. Daga inda nake ina hango farin ginin asibitin da jan rubutun sashen gaggawa, bai fi a taka mota minti ɗaya ba.

Yaya ta ce, "Malam, don girman Allah..."

Bai kalle ta ba. Ya kashe motar. Ya zare mukullin, ya saka a aljihun gaban rigarsa, ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari.

"Malam, jini take zubarwa! Ka kashe ni daga baya, na yarda, amma ka tayar da motar nan!"

Na fara dukan bayan kujerarsa ina ihu. Ko gezau.

Ya ɗago ido ya kalli madubi, inda fuskar Likitarsa take kwance a cinyata. Muryarsa a sanyaye, irin wadda yake kiran suna da ita a taron safe, ya ce:

"Motar nan ba za ta motsa ba sai an gaya min na waye."

Mutum ɗaya ce a cikinmu ta san amsar, ita kuwa ko numfashinta da ƙyar nake ji.